Shin Ana Sake wa Tuwo Suna? Sharhi Kan Neman Abincin "Asali" a Gidajen Abinci

A unguwar Badariya da ke Birnin Kebbi akwai wani ƙaramin gidan abinci da nakan shiga in azahar ta riske ni a waje. Mai gidan 'yar kudu ce, ta daɗe a garin har Hausarta ta koma ta Kabawa, kowa kuma Madam yake ce mata. Wata rana ina zaune sai ga wani saurayi mai bautar ƙasa, ɗan gabashin ƙasar nan, ya nemi sakwara da miyar agushi. Ya kai loma biyu ya tsame hannu, ya yi mata magana da yarensu fuska a murtuke. Da na tambaye ta daga baya, ta ce cewa ya yi miyar ba ta gida ba ce: babu ƙamshin busasshen kifi, manja ya yi kaɗan, an kuma sa alayyahu a inda ya kamata a sa ganyen ugu. Bai kai ga fita ba wani dattijo ya yi sallama, ya wanke hannu, ya ce, "Madam, a ba ni teba da agushi, amma ban da ƙarnin nan naku. Naman kuwa yankan wa ne?" Ta ce, "Alhaji, yankan mahautan kasuwa ne, kamar kullum." Ta shiga ciki ta zubo masa daga tukunyar da ta zuba wa saurayin. Ya cinye tas, ya kora da ruwa, ya ce shi ya sa ba ya zuwa ko'ina sai nan, don a nan ake samun miyar Ibo ta asali.

Tun daga ranar nake juya al'amarin a raina. Miya ɗaya ce, hannu ɗaya ya dafa ta, ɗan gida ya ce jabu ce, baƙo ya ce ita ce ta ainihi. Kalmar nan "asali" ta zama ruwan dare a bakin masu cin abinci a waje, tun daga rumfar mai tuwo har manyan gidajen abinci na Abuja da Landan. Da ita ake yabo, da ita ake kushe, ita ake rubutawa a allon ƙofa don jawo kwastoma. Ya kamata mu san abin da muke nema in mun furta ta, mu kuma san wanda nauyin wannan nema yake faɗawa kansa.

Garin da ya saba da baƙi

Ƙasar Kabi ba yau ta fara ganin baƙon abinci ba. Fataken goro masu zuwa Gwanja ta Jega suke bi su ƙetare Kwara, su dawo da labarin abin da suka ci a hanya. Zabarmawa da Dendawa suna yamma, Fulani suna kawo nono da man shanu, Sarkawa suna kan ruwa da kifinsu, Dakarkarin Zuru suna kudu da dawarsu. Kasuwa ta haɗa tukwanensu tun kafin a san gidan abinci mai tebur da kujera. Babban sauyi ya zo ne ranar 27 ga Agusta, 1991, da aka fitar da Jihar Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato, Birnin Kebbi ta zama hedkwata. Ma'aikatan tarayya da na banki da jami'an tsaro suka cika gari. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru da Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2013 suka jawo ɗalibai da malamai daga kowace kusurwa, sansanin masu bautar ƙasa na Dakingari kuma yana sako sababbin baƙi kowace shekara. Kowane baƙo da cikinsa yake tafe, cikin kuma yana da abin da ya saba da shi. Ta haka gidajen amala da na sakwara da waɗanda ake kira na Kalaba suka bazu a unguwannin gari.

Masu waɗannan gidaje don 'yan uwansu suka buɗe, sai dai 'yan uwan ba su kai yawan da za su riƙe kasuwa ba. Dole ɗan gari ya shigo ya ci, shi kuwa da sharuɗɗansa yake zuwa. Yana son ya tabbata Musulmi ne ya yanka naman, tukunyar ba ta taɓa ganin haramun ba, ba a kuma sayar da giya a gefe. Harshensa ba ya son ƙarnin jatan lande, ba ya son ɗacin shuwaka ya yi yawa. Aljihunsa ma yana da iyaka. Sannan ga nisa: manja da ugu da agbono sai an yo su daga kudu, tafiyar yini da kwana a mota, ganye ya yi yaushi kafin ya iso, alhali alayyahu yana nan ɗanye shar a fadamar bayan gari. Miyar Madam ta fito ne daga tsakanin waɗannan abubuwa duka. Miyar Ibo ce da ta shekara da shekaru a Badariya, ta koyi zama da mutanen wurin kamar yadda mai dafa ta ta koya.

Abu uku masu suna ɗaya

In mutum ya ce yana neman abinci na asali, ɗaya daga cikin abu uku yake nufi. Na farko kewar gida. Saurayin nan mai bautar ƙasa miyar mahaifiyarsa yake nema, wadda ya ci shekara ashirin, da manjan ƙauyensu da hayaƙin murhunsu. Ba mai sayar da abincin da zai iya ba shi wannan, ko da a garinsu ne, don gida biyu da ke jikin juna ma miyarsu ba ta zama ɗaya. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Wannan nema abin tausayi ne, duk wanda ya taɓa zaman baƙunta ya san shi, amma bai isa ya zama ma'aunin da za a yanke wa mai dafuwa hukunci da shi ba.

Na biyu shi ne hoton da baƙo ya riga ya zana a ransa. Alhajin nan bai taɓa cin agushi a Onica ko Inugu ba. Abin da ya sa ya gamsu shi ne ya ga 'yar kudu a bakin tukunya, ya ji tana yare da yaranta, ya ga sakwara a leda. Da wata Bakaba ce ta dafa miyar nan da kayan haɗi iri ɗaya, da ya ce kwaikwayo ne. A nan mai ci ba tukunya yake dubawa ba, fuskar mai dafuwa da shigarta da harshenta yake dubawa. Wannan ma'auni shi ya fi yawa a duniya, shi ya kuma fi cutarwa.

Na uku amana. Mai ci yana son in an ce masa sakwara ce, ta kasance doya ce aka daka a turmi, in kuwa gari aka tuƙa a faɗa masa. In an ce kifin gulbi ne, kada a ba shi na kiwo. In an ce man shanu ne, kada a gauraya shi da wani mai. Wannan kaɗai daga cikin ukun shi ne haƙƙin da mai ci yake da shi a kan mai sayarwa.

Tukunya ba ta san iyaka ba

Wanda ya ce sai abincin kaka da kakanni, wanda bai taɓa gauraya da na waje ba, zai sha mamaki in ya buɗe tukunyarsa ya bi kayan ciki ɗaya bayan ɗaya. Barkono da tumatir da gyaɗa da rogo da masara duk daga nahiyar Amurka suka fito, ba su iso Afirka ba sai bayan shekarar 1492. Sunan masara kansa yana nuna hanyar da Bahaushe ya ga ta biyo. Ƙulin da ake barbaɗa wa tsire, wanda duk duniya ta sani da na Hausawa, ɗan gyaɗa ne. Teba da ake ganin ta gadon kudu 'yar rogo ce. Busasshen kifin nan mai tauri da saurayin ya rasa ƙamshinsa a miyar Madam, daga Norway ake kawo shi, ya kuma ƙara samun gindin zama a miyar Ibo lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, da aka riƙa shigo da shi a matsayin agaji. Dunƙulen magi da ya shiga kowace miya a yau, har ya ture daddawa a gidaje da yawa, kamfaninsa a Suwizalan ya samo asali a ƙarni na 19.

Shinkafar da Kabawa ke tinƙaho da ita ma iri biyu ce. Akwai jar shinkafa ta Afirka, wadda masana suka ce an fara nomanta a fadamun Kwara na ƙasar Mali kimanin shekara 3,000 da suka wuce, ita ce ta saba da ambaliya, ita kakanni suka noma a fadamar gulbin Kabi. Akwai kuma fara, 'yar Asiya, wadda ire-irenta na zamani irin su Faro 44 suka mamaye gonaki. Tun da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance na Babban Bankin Nijeriya a Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015, da yarjejeniyar shinkafar Lake tsakanin Kebbi da Legas a 2016, da manyan masana'antun casa irin su Labana a Birnin Kebbi da WACOT a Argungu, farar shinkafa ce ta zama fuskar jihar. Tuwon da yaro ɗan shekara goma yake kira tuwon gida a yau ya sha bamban da wanda kakarsa ta tuƙa, a launi da ƙamshi da danƙo. Dukansu biyu suna da gaskiya in sun ce nasu ne na gida.

Namu a hannun wasu

Abin da ya sami miyar agushi a Badariya shi ya sami abincin Hausawa a duk inda suka yi zango. A Kumasi da Akra, shinkafa da wake da ake dafawa da karan dafi ta zama waakye, ana cin ta da taliya da garin rogo da dafaffen ƙwai da baƙin yaji, mutanen Gana kuma suna ƙirga ta cikin abincin ƙasarsu. Tuwon zafi ya zama tuo zaafi, kokon safe ya zama kokon Hausa. A Sudan gasasshen nama mai ƙuli da yaji sunansa agashe, kalmar Hausa ce da jikokin mahajjatan ƙafa suka bari a can. Ko kalmar buka da 'yan kudu ke kiran gidan abincin talaka da ita, bukkarmu ce. Bakano da ya ci waakye a Akra zai iya cewa an ɓata shinkafa da wake, amma jikan Bahaushen Zango zai ce masa abin da ya tashi ya tarar ke nan a gidansu.

Labarin tsire ya fi nuna illar ma'auni na biyu. A Legas da Ibadan da Fatakwal suya ake ce masa, ko da yake a Hausa suya aikin mai da kasko ne. Mai saye a can yana da hoton da yake so ya gani: dare, fitila, tebur a bakin titi, Malam da wuƙa, nama a naɗe cikin tsohuwar jarida. In mai tsiren ya tara jari ya kama shago mai gilashi da firji da ma'aikata masu farar riga, ya ƙara kuɗi gwargwadon ɗawainiyarsa, sai ka ji ana cewa ya daina zama na asali. Ma'anar wannan magana ita ce ana son naman Bahaushe, da sharaɗin Bahaushen ya ci gaba da tsayuwa a bakin titi yana shaƙar hayaƙi, farashinsa kuma ya zauna a ƙasa. Wanda ke biyan dubbai don gasasshen naman Turawa ba tare da ciniki ba, shi ne zai tsaya yana neman gyara a kan tsinken tsire. Irin wannan son asali shinge ne, yana tsare mai sana'a a inda aka same shi.

Ƙasashen waje ma sun sha wannan muhawara. Galibin gidajen abincin da ake kira na Indiya a Ingila 'yan Bangaladash ne suka kafa su, musamman mutanen yankin Silet. Kazar nan mai jar miya da ake kira tikka masala an tsara ta ne don harshen Turawan Birtaniya, har a 2001 ministan harkokin wajensu na lokacin, Robin Cook, ya bayyana ta a matsayin abincin ƙasa. A gefe guda kuma ga Adejoké Bakare, 'yar Nijeriya da ta girma a Kaduna, wadda gidan abincinta Chishuru da ke Landan ya sami tauraron Michelin a 2024, ta zama baƙar mace ta farko da ta samu a Birtaniya. Cikin abin da ta gabatar wa masu ci har da sinasir. Ba ta yi shi yadda ake yi a ƙofar gida da safe ba, amma ta kira shi da sunansa, ta faɗi inda ya fito, duniya kuma ta biya shi da daraja.

Gyara kayanka

A nan ne maganar ta dawo gida. Tun 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu aka yi masa su a Matan Fada don tabbatar da zaman lafiya tsakanin Sakkwato da Kabawa, bikin kamun kifi yake jawo baƙi, har UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2016. Baƙo yana zuwa ya ga dubban masunta sun faɗa ruwa da gora da homa, ya ga an fito da giwan ruwa da sai mutum biyu sun ɗauka, ya shiga gidan tarihi na Kanta. In yunwa ta kama shi kuma fa? Na taɓa raka wani baƙo ɗan kudu wani otal bayan mun dawo daga Argungu. Ya ce shi abincin Kabawa yake son ci. Yaron da ke hidima ya lissafo soyayyiyar shinkafa da kaza, dafa-duka, taliya, semo da agushi. Baƙon ya ce, to ina naku? Yaron ya yi murmushi ya ce wannan sai a cikin gari. Na ji kunya ƙwarai a ranar, don na san amsar yaron ita ce amsar yawancinmu: mun ɗauka abincinmu bai kai a ɗora shi a tebur mai shimfiɗa ba.

Da magariba na kai shi wurin wata tsohuwa mai tuwo a bayan layinmu. Tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno, ga tukunyar tuwon shinkafa a gefe, ga ta miyar kuka tana kaɗawa da maburgi, ga ta miyar sure da bandar tarwaɗa a ciki. Na ce, "Inna, ga baƙo na kawo miki, daga nesa yake." Ta ce, "Maraba da shi, ɗana. Mi yaka so, kuka ko sure?" Ta sa mara ta kwaso tuwo, ta juya shi cikin ƙoƙo sau uku ya zama malmala sumul, ta zuba miya, ta ɗiga man shanu da ɗan ludayi, ƙamshin daddawa ya tashi. Shinkafar ba gari ba ce, tsaba ce ta dafa har ta narke sannan ta tuƙe da muciya. Baƙon ya ci malmala biyu, ya tambayi sunan kowane abu ya rubuta a wayarsa. Da zai biya aka faɗa masa kuɗin, ya ɗauka bai ji daidai ba, don bai kai na lemon kwalba biyu a otal ɗin da muka baro ba.

Inna ma tana sa magi a miyarta, tumatirinta da barkononta kuma baƙi ne kamar yadda aka faɗa. Abin da ya sa tuwonta ya zama abin nuna wa baƙo shi ne sanin da ke hannunta: yawan kanwar da kuka ke so, lokacin da ake sa banda don kada ta dagargaje, bambancin daddawar kalwa da ta batso da miyar da kowace ta dace da ita. Wannan sani shi ne ke cikin haɗari. 'Ya'yanta mata sun tafi makaranta, abin farin ciki ne, amma ba wadda take ganin tuƙa tuwo sana'a ce mai mutunci, don sun ga abin da uwarsu ke samu. Hoce da jar shinkafa da miyar sure ba za su ɓace don an kawo amala Badariya ba. In sun ɓace, mu ne muka ƙi biyansu abin da suka cancanta.

Abin da ya dace a nema

Mai ci yana da haƙƙin a gaya masa gaskiyar abin da ke cikin faranti, da wanda ya yanka, da ko kifin na gulbi ne ko na kiwo ko na ƙanƙara. Yana da haƙƙin tsafta da ƙwarewa. Ba shi da haƙƙin tilasta wa mai dafuwa ta tsaya cak a inda kakarta ta tsaya, ko ya auna ingancin miya da ƙabilar mai tuƙi, ko ya ɗaure abincin wata al'umma da araha har abada. Ita ma mai sayarwa akwai nata nauyin. In ta sauya ugu da alayyahu ta faɗa, in ta rage manja don 'yan gari ta faɗa, in ɗan gida ya zo ta ba shi zaɓi. Madam ta fara yin haka daga baya: tana ajiye dakakken jatan lande da busasshen kifi a gefe, wanda ya nema a ƙara masa, ya ƙara kuɗi kaɗan. Saurayin nan ya ci gaba da zuwa har ya gama hidimarsa.

Masu otal da gidajen abinci na Birnin Kebbi da Argungu kuwa, lokaci ya yi da za su sa tuwon shinkafa da miyar sure da farfesun kifin gulbi da fura da nono a saman jerin abincinsu, su ɗauki matan da suka iya su biya su albashin ƙwararru, su sayi jar shinkafa daga manomin da har yanzu yake shuka ta, albasa daga Aliero, banda daga Yawuri. Manomi ba ya ajiye irin da ba mai saye. Hukumomin da ke shirya bikin Argungu su ma za su iya ware wa masu dafuwar gargajiya rumfuna masu kyau a tsakiyar fili, inda manyan baƙi ke zama.

Hausawa sun ce ba a sake wa tuwo suna. Gaskiya ne, sunan yana nan tun zamanin Kanta, amma hatsin da ke cikinsa ya sauya, miyar ta karɓi baƙi daga nahiyoyi uku, itace yana ba gas wuri a murhu. Abin da ya riƙe sunan shi ne hannuwan da suka miƙa wa juna muciya, uwa ta koya wa 'ya, da amanar da ke tsakanin mai tuƙi da mai ci. Duk wanda ya damu da asali, ya fara da tambayar Inna mai tuwon layinsu ko akwai wadda take koya wa, ya kuma biya ta kuɗin da zai sa wata yarinya ta so ta koya.